Shekarar da Babanku Ya Zauna Cikin Kajina

Na ji ku ranar sunan ɗiyar Bilki, kuna zaune a ɗakin baya kuna dariya, ɗayanku yana cewa babanku mutum ne da aka kawo mashi arziki har zaure ya ce ba ya so, ya gwammace ya zauna yana kallon kaji. Ban tanka ba, don gidan cike yake da baƙi. Abin da kuka gani da idon ƙuruciya kuka faɗa, ban ga laifinku ba. Amma shi ya riga mu gidan gaskiya, kuma ko yana nan kun san ba mai kare kansa ba ne. Tunda ni na rage cikin waɗanda suka san yadda aka yi, gara in faɗa maku tun ina da sauran numfashi.

Gidanmu na Ƙofar Kaura a wancan lokaci ba haka kuke ganinsa yanzu ba. Ginin ƙasa ne, da zaure, da tsakar gida mai faɗi, da iccen bedi a tsakiya. Babanku ya shiga soja tun lokacin yaƙi, aka yi ta yawo da shi bariki-bariki a kudu, ni kuwa ina nan tare da mahaifiyarsa, Iya, muna riƙonku. Sai ya samu hutu muke ganinsa, kafin ku saba da fuskarsa ya koma. A waɗannan shekaru kaji ne abokan hirata. Asalinsu sagara ɗaya ce da innata ta ba ni ina amarya. Ba don kasuwa nake kiwonsu ba, kuma yanka ɗaya daga cikinsu sai dole ta kama. Kowacce da sunanta. Akwai Wake-wake, tsohuwar cikinsu, mai ɗigo-ɗigon fari da baƙi. Akwai Baƙa, akwai Mai Tukku, akwai Fingi mai birkitaccen gashi, da wasu 'yan sagaru, sai zakaransu ja wanda Iya take kira Ladan.

Wanda bai zauna da kaji ba gani yake duk ɗaya suke. Nawa kuwa kowacce ta san matsayinta. In na watsa tsaba, Wake-wake ce ke fara ci, ba mai kai baki kusa da ita. Sai Baƙa, sai sauran bi da bi, Fingi a ƙarshe tana tsintar abin da ya fantsama gefe. Da magariba haka suke hawa sandar akurki, kowacce da wurinta. Kuma da wuya ka ga faɗa. In ƙarama ta yi gangancin matsowa, Wake-wake ta ɗaga kai ta dube ta kawai, shi ke nan an gama.

A shekarar da soja suka ce za su miƙa mulki ga farar hula, aka rage sojoji da yawa, babanku yana ciki. Ya dawo da akwatin ƙarfe da rediyo, unguwa ta yi ta zuwa barka, kowa yana kiransa Saja. Mun yi murna ƙwarai. Amma kafin wata ya kama, gidan ya zama wani iri. Takalma sai an jera su layi ɗaya. Buta in ta kauce daga inda ya aje ta, sai an ji dalili. Muryarsa kuwa, ko ruwa zai ce a ba shi, sai maƙwabta sun ji. Yayanku, wanda kun san ba na kiran sunansa, yana ajin ƙarshe na firamare a lokacin, shi ya fi shan hannu. Bilki tana 'yar mitsitsiya, da ta ji tarinsa a zaure sai ta shige bayan randa ta lafe. Ba mugu ba ne, Allah ya sani. Mutum ne da ya shekara goma sha yana tsawa ana yi mashi tsawa, aka wayi gari aka ce ya tafi gida, ba a gaya mashi abin da zai yi da kansa ba. Wata rana muna sussukar gero, Iya ta dube shi yana kai da kawowa a tsakar gida kamar mai gadin wani abu, ta ce da ni a hankali:

"Ki yi haƙuri, Hauwa. Jikinsa ne ya riga shi isowa. Shi yana hanya."

Cikin masu zuwa barka akwai Alhaji Lawal, ɗan wan mahaifinsa, mai shagon atamfa a Babbar Kasuwa, wanda a lokacin ya tsunduma siyasa. Shi ya kawo mashi kyautar fararen kaji biyu na gidan gona, manya-manya, farare fes. Babanku ya kwance masu ƙafa ya wurga su tsakar gida.

Na ce, "Malam, da an kife su da kwando tukuna, har su san juna."

Ya ce, "Kaji ne fa. Su ma sai an yi masu fareti?"

Waɗannan baƙi a keji suka tashi, ba su iya tono ba, ba su iya gudu ba, ba su san ana kauce wa babba ba. Suka nufi kaskon dusa kai tsaye suka sa baki gaban Wake-wake. Kafin la'asar an fasa wa ɗaya kai. Jini a jikin farar kaza kuwa daga nesa ake hango shi, kuma kaza in ta ga ja ba ta iya daina sara. Har ƙananan da ba su taɓa sarar kowa ba suka shiga layi.

Babanku ya ɗauki abin a matsayin rashin ɗa'a a gidansa. Ya samo tsumagiya ya tsaya kansu, duk wadda ta kai sara ya kai mata duka. Da ya juya baya su koma. Sai ya ce ai shugabar ce mai laifi, ya kama Wake-wake ya kulle ta a tsohon ɗakin itace. Nan abin ya lalace gaba ɗaya. Da babu ita, Baƙa da wata sagara suka shiga neman sarauta, kullum gashi yana tashi. Ladan ya rasa wadda zai raba. Ƙwai ya ɗauke, wanda aka samu ma a fashe. Fingi ta daina fitowa daga akurki. Da ya gaji ya sako Wake-wake, sai da ta yi faɗa jina-jina kafin ta karɓi wurinta. Ana cikin haka ɗaya farar ta mutu a bayan turmi.

Da hantsi na ji ƙarar wuƙa a kan dutse. Na fito daga madafa na iske shi tsugune yana wasa ta.

"Yau zan raba gardama," in ji shi. "Duk a yanka, a huta."

Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa musa mashi ba, ko a kan gishirin miya. Ban san lokacin da ƙafata ta kai ni bakin akurki ba. Na tsaya na tare ƙofar.

"Matsa."

"Ba zan matsa ba, Malam. Nawa ne. Lafiya lau suke zaune kafin a jefo masu baƙi."

Ya miƙe tsaye, wuƙar tana hannunsa, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ku kuna leƙe ta bayan labule, ban sani ba ko kun tuna. Sai ga Iya ta fito tana dogara sandarta.

"Sada! Aje wuƙar nan. Kajin ga sun fi ka daɗewa cikin gidan ga. Su suka taya yarinyar nan zama sanda kake can. Me ka sani game da su da za ka yanke masu hukunci?"

Ya dubi mahaifiyarsa, ya dube ni, ya saki wuƙar ta faɗi ƙasa, ya fice zaure. Daga ranar ya daina cin abincina. In na kai akushi, haka zan ɗauko shi a rufe. Ko gaisuwata da ka yake amsawa. Na yi zaton aurena ya zo ƙarshe a kan kaji, har na fara tunanin abin da zan gaya wa iyayena in an kora ni. Iya ta ce in ci gaba da kai abincin, kada in fasa ko sau ɗaya.

Ni dai na koma kan kajina, don ba ni da wani abin yi da hannuna. Farar da ta rage na wanke mata ciwon da ruwan gishiri, na shafa shuni a kai don jan ya ɓace, na kife ta da babban kwando a tsakiyar gida, da ruwanta da tsabarta a ciki. Sauran su zo su zagaya, su leƙa, su kai sara su sami kwando, har abin ya ishe su. Tsaba kuma na daina zubawa wuri ɗaya, sai in watsa nan, in watsa can bayan ɗaki, yadda babba ba za ta iya tsare duka ba. Babanku ba shi da wurin zuwa. Zaure zafi, majalisar ƙofar gida kuma ba abin da ake sai gardamar jam'iyyu, wadda ba ya so. Sai ya riƙa jawo kujerarsa ƙarƙashin bedi, rediyo a kunne, wai labarai yake ji. Na lura idonsa yana kan kwandon. Wata rana ina wucewa da tsintsiya, ba tare da ya dube ni ba ya ce:

"Waccan mai birkitaccen gashin, me ya sa ba ta ci sai sun gama?"

Maganar da ya fara yi mani ke nan tun ranar wuƙa. Na aje tsintsiya na ba shi amsa. Ya sake tambaya, na sake amsawa. Da azahar na kai akushi, ya dawo ba komai ciki.

Daga nan ya shiga harkar da ƙarfinsa, irin yadda yake yin komai. Ya ƙara sanda ta biyu a akurki, ƙasa da ta farko, don ƙananan su sami wurin kwana ba tare da an ture su ba. Ya jingina wani tsohon ƙyaure a bango, ya zama maɓuya ga duk wadda aka koro. Ya riƙa rataye reshen zogale daidai tsayin kansu, su yi ta tsalle suna tsattsaga, su manta da juna. Ranar da muka ɗage kwandon, Wake-wake ta je ta yi wa farar sara ɗaya a ƙeya, farar ta sunkuyar da kai ta kauce, magana ta ƙare. Ya yunƙura zai tashi, na ce ya bari, wannan gaisuwa ce. Kuma ya ga abin da ni ban taɓa gani ba duk shekarun nan. Ni a zatona manyan ne masu cin zalin baƙuwa. Ya kira ni wata yamma ya nuna mani Mai Tukku, wadda Fingi kaɗai ke ƙasa da ita, tana bin farar lungu-lungu.

Ya ce, "Babbar ba ruwanta, ta san ba mai ƙwace mata wuri. Wannan ta kusa da ƙarshen ita ce mai mugunta, don tsoro take ji. Haka muka gani a bariki."

Ya ware wa Mai Tukku wurin cinta daban, cikin 'yan kwanaki ta saki farar.

Abin da ya fi ba shi wuya shi ne ya sa farar nan ta ci a tafin hannunsa. Ya ƙudurta sai ta ci. Amma da ya buɗe baki sai su watse, da ya motsa da ƙarfi sai su tashi sama. Dole ya koyi zama shiru, hannu a miƙe, yana kiranta da wata 'yar murya da ban san yana da ita ba. Bilki ta fara leƙowa daga bayan randa tana kallo. Yau ta matso taki kaɗan, gobe ta ƙara. Ranar da farar ta ci, Bilki tana tsugune a gefensa, ya zuba mata gero a nata tafin ya riƙe mata hannu don kada ta janye. Ba zan ce maku ya sauya dare ɗaya ba. Yakan fashe wani lokaci. Amma takalma suka fara kwana a warwatse ba wanda ya sha mari, kuka fara cin abinci a gabansa.

Ana haka zaɓe ya matso. Motoci masu lasifika suna wucewa ta ƙofar gari daga safe har yamma. Alhaji Lawal ya dawo da magana. Ɗan takararsu yana buƙatar wanda zai riƙe mashi samarin da ke raka shi taro, ya horar da su, su riƙa jin magana. Wa ya fi tsohon saja? Ya yi alkawarin babur nan take, da muƙami in an ci zaɓe. Ya ƙara da cewa zai ɗauki yayanku ya kai shi Kaduna ya yi sakandare tare da 'ya'yansa. Yaron yana jin haka ya daina barci don murna. Ni ma na yi murna, ba zan ɓoye ba, don ɗan abin da aka sallami babanku da shi ya kusa ƙarewa, ga damina ta kama, ɗakin Iya yana yoyo.

Babanku ya bi su taro ɗaya, wajen Ƙofar 'Yandaka. Abin da ya faru can ban gani ba, na dai ji an yi arangama da samarin wani ɓangare, an fasa kawuna. Abin da na gani shi ne mutumin da ya shigo mani gida da la'asar. Rigarsa a yage, muryar nan ta dawo, idon nan ya dawo. Farar ta sheƙo da gudu ta tare shi kamar yadda ta saba, ya sa ƙafa ya shure ta. Yayanku ya yi jinkirin kawo buta, ya kwashe shi da mari har ya faɗi. Bilki ta koma bayan randa. Abin da ya fi tayar mani da hankali, na ga yana jin daɗin jikinsa, kamar wanda aka mayar wa da wani abu nasa da ya ɓata.

Washegari da kuka tafi makaranta na same shi ƙarƙashin bedi. Ya miƙa hannu da tsaba, ba kazar da ta matso. Na zauna a ƙasa gefensa.

Na ce, "Malam, ina roƙonka kada ka karɓi aikin nan."

"Kin san abin da kike cewa? Kin ga rufin ɗakin Iya? Karatun yaron nan fa?"

"Na gani. In ka karɓa za mu ci nama, za a yi rufi. Amma jiya ka ga inda Bilki ta shiga. Mun jira ka shekara da shekaru, sai yanzu muka same ka. In ka koma cikin tsawar nan, ba na jin za ka sake fitowa."

Ya daɗe yana kallon tsabar da ke hannunsa. Sannan ya ce, "In na ƙi, Alhaji ba zai yafe ba. Yaron ma ba zai yafe ba."

Na ce, "Ka ce ni na hana."

Ya ce, "Ba za a ji wannan a bakina ba."

Kuma ba a ji ba, har ya koma ga Allah. Da Alhaji Lawal ya zo jin amsa, ina jiyo su daga tsakar gida. Ya yi lallashi, ya yi faɗa, daga ƙarshe ya ce, "To Saja, kaji za ka ci kai da iyalinka?" Babanku ya ce Allah zai rufa asiri. Alhaji ya kaɗa babbar rigarsa ya fita, bai sake taka gidan nan ba sai ranar rasuwar Iya. Mutanensa suka ci zaɓe, wanda ya karɓi aikin a madadin babanku ya yi gidan siminti ya sayi mota. A majalisa aka laƙaba wa babanku Sajan Kaji, yara har waƙa suke yi mashi. Ya samu gadin rana a wani sito na hatsi a Babbar Kasuwa, albashin da ba ya kai mu ƙarshen wata. Na sayar da kwanonin jerena aka gyara rufin Iya. Kun sa gwanjo ranar salla, kun ga 'ya'yan Alhaji suna wucewa a mota. Duk wannan gaskiya ne, kuma ni na roƙa aka yi haka. Da za a mayar da ni ƙarƙashin bedin nan, abin da zan roƙa ke nan.

Wanda ya fi kowa biya shi ne yayanku. Kai da ba na kiran sunanka, ka san ranar da zan faɗa, ƙannenka ne ba su sani ba. A bakin 'ya'yan Alhaji ya ji cewa babu zancen Kaduna. Ya shigo gida da rana tsaka ko sallama babu, ya iske babansa zaune kajin sun kewaye shi, don sai da ya sake yin kwanaki yana lallashi kafin su yarda da shi. Yaron da bai taɓa ɗaga ido ya dubi ubansa ba ya tsaya a kansa yana kuka yana ihu.

"Saboda waɗannan! Saboda kaji ka hana ni karatu!"

Ya sunkuya ya ɗauki dutsen murhu ya jefa cikinsu da iyakar ƙarfinsa. Suka watse, ban da farar, wadda har lokacin ba ta iya gudu sosai ba. Ta faɗi tana fuffuka, ƙafa ɗaya a karye. Yaron ya ga abin da ya yi, ya daskare a wurin, ya ɗaga hannu ya kare fuskarsa yana jira. Iya ta fara salati daga ɗaki. Babanku ya miƙe tsaye. Ina bakin madafa da muciya a hannu, ina ganin jijiyar wuyansa ta tashi. Ya tsaya haka a kan yaron. Sai ya koma ya zauna.

"Kamo mani ita," in ji shi. "A hankali. Ka rufe mata fiffike da hannu biyu."

Yaron ya sauke hannu yana kallonsa, kamar bai gane Hausar ba. Sai ya je ya kamo ta. Babanku ya fasa kara gida biyu, ya yago bakin tsohon rawaninsa, ya ce ya riƙe ƙafar a miƙe. Suka sunkuya kai da kai, uban yana ɗauri, ɗan yana riƙe, hawayensa yana ɗiga a kan gashin kazar. Da ya ƙulle tsumman, bai ɗago ba ya ce:

"Na san abin da na hana ka. Ba ni da abin da zan ba ka a madadinsa. Ka ji haushina, kana da gaskiya."

Yaron ya kifa kansa a gwiwar ubansa ya yi ta kuka, irin kukan da bai taɓa yi a gabansa ba. Babanku ya rasa yadda zai yi da hannunsa, ya riƙe shi a sama kaɗan, sannan ya ɗora a bayan yaron ya bar shi a nan.

Tuwon ranar ya kama har ya yi ƙauri, don na manta da shi a kan wuta. Haka na kwashe na kai. Suka zauna su biyu a akushi ɗaya suka cinye, ba wanda ya yi zancen ƙaurin.